An ce in rubuta wa prefe takardar neman soji a garinmu. In rubuta?

Mushen Ƙauye:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin waɗanda suka gani da idonsu, don ni a rediyo kawai nake ji.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan cikin Maraɗi, shekara 14 ke nan ina riƙe da alli. Asalina wani ƙauye ne kudu da Madarumfa, ku yi mini uzuri ba zan faɗi sunansa ba. Daga ƙarshen gonarmu zuwa ƙasar Najeriya, yaro mai kiwon awaki yana zuwa ya dawo kafin azahar. Kakata ta wajen uwa 'yar can ce, kuma tun muna yara kasuwar da muka sani ita ce ta Jibiya ranar Lahadi.

Juma'ar da ta wuce kawuna ya iso gidana da hantsi. Ko furar da aka dama masa bai shanye ba ya ce mai gari da liman da dattawa sun zauna, sun yanke shawarar a kai wa prefe, wato wakilin gwamnati mai riƙe da gundumarmu, takarda, a roƙi a girke mana soji a cikin gari, ko da mota biyu ce. Da Faransanci za a rubuta, kuma ni ne ɗan garin da ya yi lakwal mai nisa, to ni aka ɗora wa.

Tun bayan girbi sau uku ɓarayin daji suna shigo mana. Na farko suka kora shanun huɗa, har da bijimai biyu na kawun nan nawa. Na biyu suka tafi da matar maƙwabcinmu da goyonta, sai da aka haɗa miliyan 2 na sefa, gona ta tafi, amalanke ya tafi, sannan aka sako ta bayan kwana 19. Na ukun ko harbi ba su yi ba. Sun tsaya bakin rijiya kan babura, suka sha ruwa, suka ce a gaida mai gari. Wannan gaisuwar ta fi harbin tayar wa mutane hankali.

Yanzu da an yi magariba mata suna naɗe tabarmi su nufi babban garin da ke arewa da mu, su kwana a barandar mutane, asuba su dawo. Mahaifiyata gwiwa ta hana ta wannan tafiyar, ta kuma rantse ba za ta dawo Maraɗi ta zauna a ɗakin haya ba. A cikin rumbun gero take kwana. Salular da na saya mata a ƙwarya take sa ta, ta rufe da faifai, don kada haskenta ya fito idan na kira.

Soji suna zuwa sintiri, ban raina ƙoƙarinsu ba, kuma kowa a yankin ya san aikin sojan da ake kira Farautar Bushiya, an sha ƙwato dabbobi a mayar wa masu su. Amma daji yana da faɗi, daga dajin Baban Rafi na nan har ka dangana da dajin Rugu na Najeriya, mota kuma ba ta kwana wuri ɗaya.

Abin da ya sa na kasa ɗora biro a takarda shi ne Inates da Sinagodar na jihar Tilaberi. A Disamban 2019 aka kashe soji 71 a sansanin Inates, wata guda bayan nan, a Janairun 2020, aka kashe 89 a Sinagodar. Sansanoni ne na gaske, ba mota biyu ba. Na san masu kai hari a Tilaberi daban ne da ɓarayinmu, na kuma san abin da ke faruwa a Zamfara da Katsina ba a kiransa yaƙin basasa. Amma kullum ina jin labarin garuruwan Cadi da ke bakin iyakar Sudan, sai in ga kamar mu ne: wutar gidan maƙwabci ce, tartsatsin a kan danninmu yake sauka. Wanda ya taɓa zama a garin iyaka ana yaƙi a tsallake, ya gaya mini tsakani da Allah, da soja ya zo ya zauna me ya biyo baya?

Direban Abeshe:

Wa alaikumus salam Mushe. Allah ya kawo sauƙi, a gaida Inna.

Ni direba ne, ɗan unguwar Zariya. Na yi wata 8 a Cadi ina ɗaukar buhunan abincin agaji daga Injamena zuwa Abeshe, daga can zuwa Adre, to bari in faɗa maka abin da na gani.

Yaƙin Sudan ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojan gwamnati na Janar Burhan da dakarun RSF na Hemeti. Adre tana bakin iyaka daf, tsakaninta da Aljunaina ta Darfur ta Yamma bai kai nisan Maraɗi zuwa Ɗan Isa ba. A watan Yuni aka kashe gwamnan can, Khamis Abakar, sai mutanen Aljunaina, galibi Masalit, suka kwararo. Ni cikin damina na fara zuwa. Ka ga keken doki an ɗora tsohuwa da gado da tukunya, yara suna bin sa a ƙasa ba takalmi. Wata mata na gani zaune bakin hanya rungume da ƙofar ɗaki ta ƙarfe, ita kaɗai ta iya fitowa da ita. Har yau ban san me ya sa ƙofar ta zaɓa ba.

Adre garin soja ne tun da daɗewa. 'Yan tawaye sun far mata a Disamban 2005, kuma a 2010 Cadi da Sudan suka kafa rundunar haɗin gwiwa a kan iyakar. Bariki ne da manyan bindigogi. Amfaninsa kuwa a fili yake, ba zan ɓoye maka ba: wanda aka biyo, in Allah ya sa ya tsallako, yawanci nan ake rabuwa da shi. Mutum yana iya kwana da ido biyu a rufe.

Sai dai ka san duk inda aka ce akwai kwanciyar hankali nan kowa ke nufa. Garin da ake cewa mutanensa wajen 40,000 ne, sai ga baƙi sun haura 200,000. Gonakin bayan gari suka koma bukkokin kara da leda. Layin jarka a bakin famfo sai ka gaji da kallo. Sukari da man mota da sabulu da can daga Sudan suke shigowa, hanya ta mutu, kuɗin komai ya tashi. Mai shayin da nake zama wurinsa ɗan gari ne, ya ce mini baƙo yana da kati ana ba shi dawa, shi kuwa mai masauki ba shi da kati ba shi da gona. Bai faɗa da ƙiyayya ba, 'yan'uwansu ne, aure ya haɗa su. Gajiya ce kawai. Daga baya aka riƙa kwasar mutane a manyan motoci zuwa sansanoni irin su Mece da Arkum, nesa da iyaka.

To Mushe rijiya nawa gare ku? Don ranar da mota biyu ta tsaya a garinku, matan da ke naɗe tabarma a ƙauyuka goma na kewaye gare ku za su juyo, da awakinsu.

Wani abu kuma. Gabashin Cadi ya taɓa ganin sojan Turai a 2008, bayansu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarshen 2010 duk suka naɗe. Soja mai wa'adi ne, kai ne ba ka da wa'adi a garinku.

Hajiya Mai Tattasai:

Ɗana sannu da wannan nauyi. Ni ba boko gare ni ba, ƙanwata ce ke rubutawa ina faɗa mata.

Shekara shida na yi ina zuwa Difa sayen busasshen tattasai na bakin Komadugu ina kawowa Maraɗi. Ina can a Fabrairun 2015 da Boko Haram suka far wa Boso da Difa. Mutane da bakinsu suka roƙi soji, kuma an kawo, har da na Cadi. Na yi murna kamar kowa, don daren nan a ƙarƙashin gadon mai masaukina na kwana da buhun tattasai a kaina, ina atishawa ina salati.

Abin da ba mu sani ba, soja ba shi kaɗai yake zuwa ba, da dokarsa yake tafe. Aka sa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur kwata-kwata, don da shi ake kai hari. Aka hana fataucin tattasai da kifi, wai kuɗin yana komawa daji. Takin zamani da man injin ban-ruwa sai da izini. Ban ce ba su da hujja ba, suna da ita. Amma yaron da ke kai ni gonaki a kabu-kabu, mai mata da ɗiya uku, ranar ɗaya ya wayi gari ba sana'a. Buhuna 40 na bari a ɗakin wani bawan Allah, da na samu komawa kwari sun gama da rabi.

Ka tambayi kawunka, in mace ta tashi haihuwa da dare a garinku da me ake kai ta likita? In da babur ne, ku sa wannan a lissafi tun yanzu.

Kuma Boso ɗin da aka cika da soji, a watan Yunin 2016 aka sake auka mata, aka kashe soji da dama, gari ya watse, mutane wajen 50,000 suka bazama, wasu a ƙafa har Tumur ba ruwa. Na san waɗanda da can suna da niyyar tashi, ganin soji ya sa suka zauna.

Duk da haka in ni ce uwarka cewa zan yi ka rubuta. Wanda bai kwana a rumbu ba shi ke da lokacin dogon tunani. Amma ka rubuta da idonka buɗe.

Ɗan Kabu-kabu:

Mushe wallahi kuna ɓata lokaci da takarda. Kafin ta fita daga ofishi ta shiga ofishi damina ta faɗi. Samari nawa ne a garinku? A haɗa kuɗi a sayi bindigogin gargajiya a yi 'yan banga, kowa ya tsare ƙofar gidansa. Miliyan 2 ɗin da kuka ba ɓarayi da ta ishe ku.

Mushen Ƙauye:

Ƙanena na ji zafin da ke ranka, samarin garinmu ma haka suke cewa. Amma ka tuna Banibangu ta jihar Tilaberi. A Nuwamban 2021 magajin garin da kansa ya ja 'yan sa-kai suka shiga daji, mutum 69 ba su dawo ba, har da shi. A tsallake kuma mun ga yadda ta kaya: 'yan sa-kai su kama Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne, dare ya yi a zo a ƙone gari a kan fansa. Muna da rugar da ta shekara fiye da 30 a gefen garinmu, su ma an kore musu shanu, ɗansu ajina ya yi. Ba zan sa hannu a abin da zai fara da su ba.

Tsohon Karen Mota:

Jikana ke buga mini wannan, in an ga kuskure nasa ne.

Malam, ni na ga yaƙin basasa na maƙwabta tun ba a haife ka ba. Yaƙin Biyafara ya fara a Yulin 1967 ya ƙare a Janairun 1970, lokacin ina yaron mota muna jigilar gyaɗa tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano. Tun kafin yaƙin, a 1966, na ga Inyamurai sun tsallako nan da akwatunansu bayan kashe-kashen da aka yi a Arewa. Wani mai gyaran agogo ya kwana uku a zauren ubangidana, ba ya cin komai sai ruwa.

Amma wancan yaƙin can kudu aka yi shi, ƙarar bindiga ba ta iso mu ba, ba wanda ya nemi soja. Abin da ya iso mu kuɗi ne. A Janairun 1968 Gowon ya canza takardun kuɗin Najeriya, ubangidana yana da fam cike da tulu a binne, labari bai same shi da wuri ba, ya tono ya tarar da takardun banza. Wasu kuma a yaƙin suka yi arziki da fataucin shanu da kaya, alhazan garin nan da yawa nan suka miƙe. Shugabanmu na lokacin, Diori, ya tsaya bayan gwamnatin Legas, har aka yi zaman sulhu a Yamai a Yulin 1968, Ojukwu jagoran Biyafara ya zo. Mu dai a rediyon mai shayi muka ji.

Naku na yau ya fi kama da abin da kakannina ke ba mu labari. Ai Maraɗin nan gudun yaƙi ya kafa ta. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarautar Haɓe ta yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna nan. Gobirawa suka kafa Tsibiri. Shekara da shekaru Maraɗi na kai hari kudu, Katsina na ramawa, ƙauyukan tsakani su ne abin tausayi. Kakata ta ce garinsu sau biyu yana tashi. In suka jingina da Maraɗi, mahayan Katsina su ce maƙiya ne, in suka kai gaisuwa Katsina, Maraɗawa su zo. Mai ƙarfi ya yi ganuwa, marar ƙarfi ya koma inda ake da ganuwa, tsakiya ta zama daji. Dajin da kuke kuka da shi yau, wani wurin kufai ne, in ka duba za ka ga tsofaffin kukoki da marina.

Abin da nake so ka ji shi ne wannan. Neman soja zaɓen ɓangare ne a bainar jama'a, kuma ɓarawo yana da kunne a garinku. Kada ranka ya ɓaci, kowane gari akwai. Wa ya gaya musu gidan da ke da bijimai? Wa ya gaya musu maƙwabcinku zai iya haɗa miliyan 2? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ranar da sojan suka tashi, ba prefe za a nema ba, wanda ya dangwala yatsa a takarda za a nema. Sunan wa za ka sa a ƙasa?

Mushen Ƙauye:

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarku ta ƙarshe ta hana ni barci, don kawu ya zo mini da sunaye 23 a bayan takardar magani, kowa da lambar katinsa, wai don hukuma ta ga da gaske muke. Ni kuma har na yi niyyar in jera su da kyau a shafi na biyu.

Jiya bayan isha na kira shi. Na karanta masa maganar direba, na ce rijiya nawa ke da ruwa yanzu? Ya ce biyu, ɗayar ma zuwa watan azumi sai an yi yasa. Na ce in aka hana babur fa? Ya yi shiru, don ɗansa na biyu da shi yake ci da gidansa. Da na zo kan sunaye sai ya ce in dakata, na ji ya tashi ya fita daga cikin mutane, ya yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya ce in ci gaba. Wato shi ma ya san da kunnen, bai dai taɓa faɗa ba.

Ga inda na tsaya. Zan rubuta, Hajiya ta yi gaskiya, ba ni ke kwana a rumbu ba. Amma ba sunan kowa a ciki. Na ce mai gari ya kai wa sarkin kanto, wato basaraken da ke sama da masu gari, da hannunsa, ta bi ta can da hatimin sarauta, tunda dama hanyar ke nan. Kuma na cire maganar "ko da mota biyu". Na sa a girke su a babban garin da mata ke zuwa kwana, inda akwai famfo da likita da hanyar da mota ke bi ko da damina, su riƙa zagayo mu da dare maimakon rana. Na ƙara layi ɗaya na roƙon in za a ɗauke su a sanar da mai gari tun da sauran kwanaki. Ban sani ba ko soja yana amsa irin wannan roƙon, wataƙila a yi dariya a ofis, na dai sa.

Kawu bai ji daɗi ba. Ya ce dattawa soja suke so su gani da idonsu a gindin tsamiyar kasuwa, in ba haka ba me aka yi? Ya kuma ce tsoronsa kada a ce mana mu ne za mu tashi, kamar yadda aka kwashe 'yan gudun hijirar Najeriya da suka shigo Gidan Rumji a 2019 aka kai su Cadakori da Garin Kaka nesa da iyaka. Su baƙi ne, in ji shi, mu kabarin kakanninmu na nan. Ban samu abin ce masa ba.

Direba, in kana kusa, akwai abin da ban gane ba: a Adre sojan a cikin gari suke kwana ko bayan gari? Ina so in sani kafin in kai a buga takardar gobe, don Laraba kawu zai dawo karɓa. Inna kuma na kira ta da asuba ba ta ɗauka ba sai a kira na huɗu, ta ce faifan ne ya danne ƙarar.